Stilyagi: abin da ya raba kan 'yan kallo a fim ɗin matasan Mosko masu matsattsen wando

A ƙarshen watan Disamba na 2008, daidai lokacin da hutun sabuwar shekara ke cika gidajen sinima a Rasha, aka fara haska Stilyagi, fim ɗin darakta Valery Todorovsky. Fim ne na waƙa da rawa, tsawonsa ya haura awa biyu, labarinsa kuwa na wasu samari da 'yan matan Mosko ne na shekarar 1955 waɗanda suka ƙi shigar da hukuma ta yarda da ita, suka rungumi kiɗan jaz na Amurka. Irin waɗannan matasa su ake kira stilyagi. Ya lashe Nika, babbar kyautar fina-finan Rasha, a matsayin gwarzon fim, ya kuma ƙara da kyautar Gaggafar Zinariya. Duk da haka gardama ba ta mutu ba. Mutane sun fito daga zaure ɗaya bayan sun kalli abu ɗaya, wani na share hawaye, wani na cewa an ci mutuncin iyayensa, wani kuma duk haushinsa a kan waƙoƙin da aka sauya wa baiti yake.

Tushen wannan rabuwar kai yana cikin ginin fim ɗin. Zamani uku aka ɗora a kan juna: tufafi da labari na 1955 ne, waƙoƙin galibinsu na shekarun 1980 ne, fitowar ƙarshe kuma a Moskon zamanin da aka yi fim ɗin take. Kowane ɗan kallo zamanin da ya rayu a cikinsa ya fara ganewa, da shi kuma ya auna sauran biyun.

Su wane ne stilyagi

Kalmar ta zagi ce tun fil'azal. Mujallar barkwanci ta gwamnati, Krokodil, ita ta yaɗa ta a 1949, a wani rubutun shaguɓe da ya zana saurayi mai kwalliyar banza, wanda ya haddace kowace rawar Turawa amma kansa fanko. Su samarin a tsakaninsu chuvak suke kiran namiji, mace kuma chuvikha. Abin ya samo asali daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin Sobiyet suka dawo daga Turai da fayafayai da tufafi, aka kuma riƙa nuna fina-finan Yamma da aka samo ganima. A ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin Stalin ta juya wa duk wani abu mai ƙamshin Yamma baya, kiɗan jaz ya zama abin tuhuma, har aka yi wata magana da ta zama kamar take: wanda ya buga jaz yau, gobe zai sayar da ƙasarsa.

Shigar tasu aiki ce mai wahala, domin babu kantin da ke sayar da ita. Wando sai an kai wa tela ya tsuke ƙafarsa. Kwat mai faɗin kafaɗa, ƙyallen wuya mai zanen biri ko bishiyar dabino. Takalmi na kowa da kowa ake saye, a kai wa mai gyara ya manna masa roba mai kauri a ƙasa; saboda hasken launin robar suka laƙaba mata sunan kunun alkamar da ake dama wa yara. Gashi a tayar da shi gaba kamar zankon zakara, da man gashi in an samu, in ba a samu ba ruwan sukari ya wadatar. Da yamma sai a fito yawo a gefe ɗaya na titin Gorky, daga dandalin Pushkin a gangara, wurin da suka raɗa wa suna Brodwe, sunan wani shahararren titi na birnin New York.

Kiɗan ma haka aka sha wahalarsa. Tunda ba a shigo da fayafayan Amurka, sai aka koma ga tsofaffin hotunan ƙashi da asibitoci ke zubarwa. A yanke takardar hoton da almakashi ta zama da'ira, a huda tsakiya, sau da yawa da wutar taba sigari, sannan a ɗora ta a kan injin da aka harhaɗa a gida, allurarsa ta tsaga layin sauti yayin da faifan asali ke juyawa a gefe. Fuska ɗaya kawai ake ɗauka, a gudun zagaye 78 a minti, waƙa ɗaya ta kamar minti uku. Layin ba shi da zurfi, allurar garmaho kuma ta ƙarfe ce, saboda haka kowane saurare yana cin faifan, bayan 'yan lokuta sai shuu ta rinjayi kiɗan. Idan ka ɗaga shi a haske za ka ga haƙarƙarin wani bawan Allah, shi ya sa ake ce masa kiɗan kan ƙashi.

A ɗaya gefen akwai 'yan sintirin Komsomol, ƙungiyar matasan jam'iyyar Kwaminis. Su ma almakashi ne makaminsu: su aske zanko, su farke wando daga ƙasa zuwa gwiwa, su kai sunan mutum makaranta ko wurin aiki. Wanda aka kora daga Komsomol kuwa, yawanci karatun jami'arsa ya zo ƙarshe ke nan.

Fim ɗin da irin wannan samame ya buɗe. Mels, wanda Anton Shagin ya fito a matsayinsa, ɗan sintiri ne na gaban goshi. Sunansa ma haruffan farko ne na Marx, Engels, Lenin da Stalin. Yana bin wata yarinya, Polza (Oksana Akinshina), ta tura shi cikin tafki, shi ke nan ya kamu. Ya yi dakon kaya ya tara kuɗin tufafi, ya sayi ƙahon saksofon a kasuwar bayan fage, ya yar da harafin ƙarshe na sunansa ya koma Mel. Harafin da ya yar ɗin na Stalin ne, kuma ɗan kallon Rasha ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Dattawan da suka ga zamanin

Ƙorafin farko daga masu shekaru a kan launi ne. A fim ɗin jama'ar gari duk toka-toka ne da ruwan ƙasa da baƙi, stilyagi kuwa kore shar, ja wur, rawaya, kamar an watsa fenti a kan toka. Waɗanda suka san 1955 suka ce ba haka abin yake ba: yadi yana wuya, rini na gida ne, kwat ɗaya ake juyawa shekara da shekaru. Suka ƙara da cewa waɗanda suka fi kowa sanin Amurka a cikin matasan, masu kiran kansu shtatniki, ba sa ma saka kaya masu ihu; kwat mai natsuwa suke nema irin na ainihi. Wannan gaskiya ne, sai dai fim ɗin bai taɓa ɓoye cewa da gangan ya yi ba. An ɗauki yawancin titunansa a Minsk, inda gine-ginen bayan yaƙi suke nan yadda suke, aka kuma tace kayan ɗaruruwan masu cika fage don kada launi ya ɓulla inda ba a so. Abin da ake son ido ya gani shi ne yadda saurayi ɗan shekara ashirin yake jin kansa a cikin taron, wato shi kaɗai ne mai launi. Neman ainihin kalar yadin 1955 a nan kamar auna waƙar yabo ne da ma'aunin shaidar kotu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum kusan miliyan 27 a yaƙin. A 1955 shekara goma kacal da gama shi. Iyalai na cunkushe a gidajen haɗaka, ɗaki ɗaya iyali ɗaya, madafi da makewayi na kowa. Masu wannan ra'ayi suka ce mutanen da fim ɗin ya shafa wa toka su ne suka sake gina ƙasar, zawarawan yaƙi da marayu da guragu, alhali stilyagin farko da yawansu 'ya'yan manya ne, shafaffu da mai, waɗanda iyayensu ke fita waje su dawo da kaya. Ta yaya za a mai da ɗan gata jarumi, a mai da mai aikin ƙarfe gungun marasa fuska?

Rabin amsar tana cikin fim ɗin, in an kalle shi da idon basira. Fred, jagoran 'yan Brodwe (Maksim Matveev), ɗan babban jami'in diflomasiyya ne, kuma Oleg Yankovsky da ya fito a uban ya nuna mutumin da ya san tsoro ciki da bai. Da lokaci ya yi, uban ya shirya masa aure da aiki, Fred ya aske zanko ya wuce Amurka ba ko ƙwarzane. Sauran fa? Bob, ɗalibin likitanci mai buga fayafayan ƙashi, an kama shi. Betsy an kore ta daga Mosko. Dryn an ɗauke shi soja. Mel, ɗan gidan haɗaka, ya rasa katinsa na Komsomol. Fim ɗin ya san sarai cewa tawaye yana da araha ga mai uba a gindin murhu. Haka kuma mahaifin Mel, tsohon sojan da Sergei Garmash ya taka, mutumin toka ne ta fuskar tufafi, amma babu mai faɗin zuciyarsa a duk labarin.

Ɗaya rabin kuwa masu sukar sun yi gaskiya. Katya, shugabar 'yan Komsomol (Evgenia Brik), ita ce za ta iya ɗaukar hujjar ɗaya ɓangaren, ta faɗi abin da ya sa yarinya mai hankali za ta yi imani da tsarin har zuci. Sai aka rage dalilinta ya koma kishi: tana son Mel, ya zaɓi wata. Da zarar an yi haka, miliyoyin da suka yi imani da gaske sun rasa mai magana da yawunsu, kuma 'ya'yansu da jikokinsu da ke zaune a sinima sun ji hakan a jikinsu. A nan ne fim ɗin ya fi rauni.

Sai batun jaririn. Polza ta haifi ɗa baƙar fata, wanda ta samu da wani baƙo Ba'amurke kafin ta zauna da Mel. Masu lissafin tarihi suka ce an yi gaggawa: labarin irin waɗannan yara da bikin matasan duniya na 1957 aka san shi, lokacin da baƙi kusan 34,000 suka cika Mosko. Masu dogon tunani kuma suka gane cewa ana yi wa wani tsohon fim ɗin waƙa na Sobiyet ishara ne, Tsirk na 1936, inda taron jama'a ke karɓar jariri baƙi hannu bibbiyu don a nuna ƙasar ba ta da wariyar launi. Todorovsky ya sauko da abin daga dandalin farfaganda zuwa cikin gida: uwar Polza ta tayar da hankali, mahaifin Mel kuwa ya ɗauki yaron ya ce jininsu ne.

Waƙoƙin da aka taɓa

Gardamar da ta fi zafi ba ta dattawa ba ce, ta 'yan shekara arba'in ce, waɗanda suka yi samartaka a ƙarshen mulkin Sobiyet. Stilyagin gaskiya kiɗan Amurka suke ji, da Ingilishi. Fim ɗin waƙa kuwa yana bukatar ɗan wasa ya rera abin da ke ransa da harshen da ɗan kallo ke ji. Mafitar da aka samu ita ce a ɗebo waƙoƙin rok na Rasha na shekarun 1980, na ƙungiyoyi irin su Kino, Nautilus Pompilius, Zoopark, Nol, Bravo da Chaif, a sake musu kiɗa da ƙaho da ganga irin na jaz, a kuma gyara baitoci su dace da labari. Akwai hujja a bayan zaɓin: 'yan rok ɗin nan magadan stilyagi ne, su ma an hana su dandali, su ma a kaset ake yaɗa su hannu da hannu, ƙungiyar Bravo ma shigar stilyagi ta farfaɗo da ita a fili.

Matsalar ita ce waɗannan waƙoƙi ba kayan ado ba ne a wurin masu su. Ɗauki fitowar da aka fi magana a kanta, korar Mel daga Komsomol. Ɗakin lacca ne mai hawa-hawa, ɗalibai cike, kaya iri ɗaya. Katya na tsaye a ƙasa tana jero tuhuma da kari, ɗaliban na amsawa da murya ɗaya, suna jijjiga tare, suna dukan tebur tare, har benci ya zama ganga. Mel shi kaɗai ne ke da launi a ɗakin. Waƙar ta Nautilus Pompilius ce ta 1986, wadda ma'anar sunanta shi ne waɗanda aka ɗaure da sarƙa ɗaya. Ilya Kormiltsev ya rubuta baitocinta, ta kuma zama ɗaya daga cikin taken zamanin sauyin Gorbachev, shugaban Sobiyet na ƙarshe. A asali mawaƙi ne ke kallon al'ummarsa yana kuka da ita. A fim ɗin an miƙa ta ga masu sarƙar, suna rera ta da alfahari. Ga wanda ya san asalin, kunnensa baiti biyu yake ji a lokaci guda, tsoho a ƙwaƙwalwa, sabo a lasifika. Idan haɗin ya zauna, tsigar jiki ke tashi, kuma a wannan fitowa ya zauna. Da wuya a sami mai sukar fim ɗin da bai ware ta ba. Idan bai zauna ba, ji yake an yi masa sata.

Inda aka fi jin zafin shi ne waƙar Viktor Tsoi, jagoran Kino, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1990 kuma har yau masoyansa ke rubuta sunansa a bango. An ɗora waƙarsa ta 'yar aji takwas a kan fitowar soyayya. Ƙari a kan haka, wanda ya shirya kiɗan fim ɗin, Konstantin Meladze, an san shi ne da kiɗan kasuwa, irin wanda 'yan rok ke kira popsa da raini. Tun kafin su shiga sinima wasu sun riga sun yanke hukunci. Aikin Meladze a nan mai kyau ne, ƙahonin suna da nauyi, amma ba a yi wa mutum gardama a kan waƙar da ya binne abokinsa da ita.

Akwai kuma waɗanda salon ne gaba ɗaya bai shige su ba: mutum na tsakiyar magana ya ɓarke da waƙa, maƙwabta a gidan haɗaka su fito da buta da tawul suna taka rawa a layin wanka. Abin mamaki ne a ƙasar da ta yi manyan fina-finan waƙa tun shekarun 1930, wadda kuma ta haukace a kan Raj Kapoor tun da aka nuna Awaara a can a 1954. Bayan rushewar Sobiyet a 1991 salon ya yi ƙaranci, ido ya saba da fina-finan 'yan daba da na yaƙi. Ɗan kallon da ya tashi da fina-finan Indiya da na Kannywood ba zai sha wannan wahala ba, ya san waƙa ita ce wurin da ɗan wasa ke faɗin abin da baki ba zai iya faɗa a zance ba. Abin da zai fi ba shi matsala shi ne fitowar kwanciya da tsiraici, domin akwai su, kuma ba fim ne na kallo da yara ba.

Matasa da baƙi

'Yan ƙasa da shekara ashirin da biyar ba su da 1955, ba su da 1986. Launin suka ɗauka. Bayan fitowar fim ɗin shigar stilyagi ta zama yayi a bukukuwan aure, da walimar kammala makaranta, da shagalin ƙarshen shekara na ma'aikatu: siket mai buɗewa, safa mai launi, zanko. Tsoron da ke ƙarƙashin kayan, wanda shi ne ya ba su ma'ana, bai biyo su zuwa wurin biki ba, kuma wannan ya ƙona ran wasu daga cikin masu son fim ɗin fiye da sukar maƙiyansa.

Wasu matasan kuwa sun karanta shi da idon siyasar ranar. An kafa ƙungiyar matasa masu goyon bayan fadar Kremlin, Nashi, a 2005, kuma mutane da yawa sun riƙa kwatanta ta da Komsomol. A 2008 ɗin nan aka tattauna a majalisar dokoki ta Duma a kan shawarar taƙaita shigar matasan emo da got, masu salon baƙaƙen kaya, a makarantu. Wanda ke da wannan a ransa, ɗakin laccar Katya bai yi masa kama da tarihi ba.

A waje, an nuna fim ɗin a bikin Toronto na 2009 da sunan Hipsters, sunan da ya jawo ruɗani, domin a Ingilishin yau wasu mutane dabam yake nufi. Baƙi sun yaba rawa da hoton Roman Vasyanov, suka jera shi da fina-finan waƙa na Amurka. Amma fassarar ƙasan allo baitin sabo kawai take bayarwa. Ba ta da hanyar gaya wa Bakanade cewa wannan amshi ya taɓa cika filin wasa a Leningrad, wato St. Petersburg ta yau. Zamani ɗaya cikin ukun ya ɓace musu ɗungurungum, shi ya sa da yawa suka ɗauke shi labari mai daɗi na yadda kiɗan Amurka ya 'yantar da matasan Rasha.

Fitowa biyu na ƙarshe sun rushe wannan karatu, su ne kuma suka fi raba kan 'yan Rasha. Fred ya dawo daga Amurka cikin kwat mai natsuwa, ya ziyarci Mel a ɗakinsa mai jariri da tsummoki. Ya kawo labari mara daɗi: a Amurka babu stilyagi. Wanda ya fito Brodwe na gaskiya da irin shigarsu, asibitin mahaukata za a kai shi. Ƙasar da aka aske su dominta, aka kama Bob dominta, su suka ƙirƙire ta daga fayafayan ƙashi da muryar rediyo mai shuu. Shirin jaz na Willis Conover a Muryar Amurka ma a 1955 ɗin ya fara. Mel ya amsa da cewa amma ai su suna nan. Masu ganin fim ɗin a matsayin bautar Yamma sukan tsallake wannan wuri, masu ganinsa a matsayin waƙar 'yanci kuma sukan manta ɗacinsa.

Daga nan Mel ya fito titi, sai ga shi a Tverskaya, sunan da titin Gorky ya koma a 1990, cikin Moskon allunan talla. Polza na gefensa. A bayansu matasan wani ƙarni ne suka cika titin daga bango zuwa bango, masu zankon fenti, masu baƙaƙen kaya, 'yan rap, masu jakar fata, duk suna rera waƙar Chaif tare. Wasu 'yan kallo sun tashi tsaye suna tafi, suna ganin Mel ya yi nasara bayan shekara hamsin. Wasu kuma sun lura da abin da kyamara ta nuna da ta ɗaga sama: taro ne mai tafiya gaba ɗaya, da amshi ɗaya, da taki ɗaya, kamar ɗaliban ɗakin laccar, sai dai kayansu na da launi.